Jinin Mai Lafiya

Hannunta na kan linzamin kwamfuta, amma ya ƙi motsi.

"Dakta, wai jinin wa kika sa mana a matsayin na mai lafiya?" abokiyar aikinta ta tambaya tana dariya. "Ai wannan baiwar Allah tana ɗauke da abin tsaf..."



A ɗakin bincikensu, in an kawo sabon inji, sai an gwada shi da jinin mai lafiya kafin a sa na majinyata. Ranar ba a samu mai bayarwa ba, ita kuma tana sauri, sai ta naɗe hannun riga ta ɗebi nata. Doka ta hana. Kowa ya sani, kowa kuma yana yi.

"Nawa ne," ta ce.

Dariyar ta tsaya cak.

Kansar ƙwan mahaifa ce ta ɗauke mamanta, ta dawo ta ɗauke gwaggonta. Tun daga nan ta ba da rayuwarta ga binciken ƙwayar halittar da ake gadon cutar ta cikinta. Ta gwada mata ba iyaka, ta zaunar da su a ƙaramin ofis ta faɗa musu sakamako cikin lallashi. Kanta kaɗai ta ƙi gwadawa. Kullum sai ta ce gobe.

Aka maimaita gwajin. Bai canja ba.

Ba mutuwa ce ta fara faɗo mata a rai ba. Mai Alli ne.

Haka take kiran saurayinta, don malamin lissafi ne, kuma kullum hannun rigarsa fari fat. Da ƙyar Ummansa ta yarda da maganar aurensu, domin yayarsa, wadda ke da ƙawar da take so ta haɗa shi da ita, ta cika kunnen dangi cewa matan gidan su Dakta ba sa tsufa. Dakta da kanta ta durƙusa gaban Umma ta yi bayani cewa ba kowa ke gada ba. Umma ta ce tunda aikinta ne, ta yarda da ita.

Da yamma ta same shi a bencin ƙofar makaranta. Yana ganinta ya fara tsokana, wai yau ɓeran ɗakin gwaji ya fito shan iska. Da ya ga idonta, ya ajiye jakarsa a ƙasa.

Ta faɗa masa komai, da irin muryar da take yi wa majinyata. Ba lallai ta kamu ba, amma haɗarin babba ne. Likitoci za su so a cire mata ƙwan kafin ta kai arba'in, ita kuma ta haura talatin. In sun samu haihuwa kafin nan, kowane ɗa ko ya gada ko bai gada ba, rabi da rabi.

"Rabi..." ya maimaita. "Ni da nake koyar da shi, ban san yana da nauyi haka ba."

Ya roƙe ta kada Umma ta ji. Ya ce a ɗaura auren tukuna, sauran magana daga baya.

"Masoyi, kullum ina roƙon mata kada su ɓoye wa danginsu. Da wane baki zan koma ofis?"

Washegari ta tafi wurin Umma da ƙafarta.

Ta yi shirin faɗa, amma Umma ba ta yi faɗa ba. Daga bayan labule yayar ta ce ai dama ta faɗa, Umma ta ce ta rufe mata baki. Sannan ta kamo hannun Dakta ta riƙe.

"'Yata, wallahi ba ƙinki nake ba. Na yi jinyar babansa har ya cika a hannuna. Na san abin da ke saura a jikin mutum bayan haka. Ki ce in zaɓa wa ɗana wannan?"

Dakta ta laluba duk ilimin da ke kanta, ba ta samu kalma ɗaya da za ta ce tsohuwar ta yi kuskure ba.

Ta koma gida ta kashe waya. Ta riƙa zuwa aiki tana diga jini a ƙananan kwalabe, tana kallon injin da ya iya faɗar abin da ke jikin mutum amma bai iya gyara komai ba.

Makonni suka shuɗe.

Wata rana ta fito ta tarar da shi jingine a bangon baranda. Ya rame har kwalar rigarsa ta yi masa yawa. Ya ce kullum yana gaban Umma. A ƙarshe ta ce ba za ta hana ba, ba za ta yi masa baki ba, amma kada ya sa ran ganinta a wurin.

"Gwanata, faɗa mini gaskiya. Akwai magani? Ko a wata ƙasa? Ko wani abu a jikina da za a ɗiba?"

"Babu."

"Ko kaɗan?"

"Sai dai a riƙa duba ni. A jira."

Ya matso kusa da ita.

"Ni ma na rasa yadda zan yi da Umma. To ki bari mu rasa abin yi a gida ɗaya."

Ta so ta ce masa ya tafi. Kuka kawai ta fashe da shi, da farar rigar aiki a jikinta.

Aka ɗaura auren ba hayaniya. Umma ba ta zo ba.

Bayan sati ya raka ta asibiti dubawar farko. Shi kaɗai ne namiji a layin, ya takure a ƙarshen benci tsakanin mata, yana gyaran jarrabawar ɗalibai da jan biro, yana ta kuskure a lissafin maki.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira ta.

Ya riga ta miƙewa.