Kwalbar Ern ta Ƙarshe

Clem Zilm bai ma kai kofin bakinsa ba. Hanci kawai ya kai, ya shaƙa sau ɗaya, ya ajiye kofin a kan tebur.

"Merle, wannan ba giyar Ern ba ce."

Duk suka juyo suna kallonsa. Ƙarfe ɗaya ne na ranar Lahadi, an taso daga coci, mutum biyar ne a teburin Merle Auricht, can bayan garin Angaston, a kwarin Barossa mai gonakin inabi. Al'adar ta haura shekara talatin. Lahadin farko bayan an gama yankan inabi, mai gida zai fito da kwalba guda ta jar giya wadda ya sanar tun wata ɗaya, maƙwabta uku kuma kowa ya dafo abincin da yake ganin zai tafi da ita. Wanda girkinsa ya fi dacewa, shi zai tafi da babban cokalin katako ya rataye a kicin ɗinsa har shekara ta zagayo. Bana Merle ta sanar da abin da ba wanda ya zata: kwalbar ƙarshe ta marigayi mijinta Ern, wadda ya ɗura shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, kaka guda kafin gobara ta cinye gonarsa. Bayan ita babu wata a duniya.

"Clem, kada ka fara," in ji Merle. "Da hannuna na ɗauko ta ranar Juma'a na tsayar da ita. Ga alamarsa nan da farin fenti."

Lyall Graetz, tsohon shugaban makaranta, ya gyara tabarau. "Maganin asibiti ne bai sake shi ba. Kwana tara da aikin ƙugu, har yanzu hancinsa warin asibiti yake ji."

To, Malam Lyall ya taɓo inda ba a taɓawa. Clem shekararsa tamanin da ɗaya, bai gama aji huɗu ba, kuma a je duk kwarin Barossa a tambaya, ba a haifi hanci irin nasa ba. Shekara sittin ya yi tsakanin gangunan giya. Ranar babbar gobara awa shida ya yi cikin tankin ruwan shanu, wuta ta bi ta kansa, ta tafi da gira da gashin kai, amma hancin nan ko ƙuna. Maciji ya sare shi sau biyu. Bayan aikin ƙugun nan likita ya ce ya kwanta mako biyu, shi kuwa da safiyar nan ya sa takalmi ya tare motar madara a bakin titi. Ba wanda ya sa ran ganinsa a teburin, sai da aka ƙaro kujera.

"A ba ni kyandir," in ji Clem.

Aka kunna. Ya ɗaga kwalbar gaban wutar, yana juya ta a hankali.

"Ku matso ku gani. Giya in ta kwanta shekara arba'in a gefe guda, sai ta bar guggubi manne a gilashin, dogon layi daga gindi har wuya. Ina layin? Kwalba tas, kamar an wanke ta jiya. Ku dubi launi kuma. Tsohuwa ja ce kamar bulo. Wannan baƙa wuluk, har gefenta yana shuɗi. Shekararta uku, in na yi mata alheri in ce huɗu."

Merle ta zauna. Ta ɗora hannuwa a cinya, ta daɗe tana kallon kwalbar.

"Tun rasuwar Ern, shekara goma sha ɗaya ina wucewa ta gabanta ina gaishe ta," ta ce a hankali.

Noel Mattiske mahauci ya miƙe. "Bari in kira 'yan sanda."

"Zauna, aboki," in ji Clem. "Ba yanzu ba. Kafin su gama rubuta sunayenmu abinci ya huce, kuma wanda ya ɗauka ya koma gida ya shanye. Ba mai fita. Merle, wa ya shiga ɗakin ƙasa, inda kike ajiye giyar, a makon nan?"

Makullin a ƙusa yake rataye bayan ƙofar kicin, duk unguwa an sani. Merle ta lissafa da yatsu. Litinin Gwenda Dohnt ta sauka neman kwalaben zuba tumatir. Talata Lyall ya sauke mata buhun dankali. Alhamis Noel ya gyara matakalar da ta karye.

"Duk ku ukun ke nan," in ji Clem, idonsa na ƙyalli. "Irin kwalbar nan mai ruwan ƙasa kowane tsohon gida yana da ita, farin fenti kuma har a kejin kaji akwai. Ta nan ba za mu samu komai ba. A zuba mini abinci."

"Abinci?" in ji Gwenda. "An yi wa matar nan sata, kai ta cikinka kake?"

"Naki za a fara zubawa."

Gwenda ta tura masa faranti da ƙarfi. 'Yan tattabaru ne gasassu, da ɗan man shanu da gishiri.

"Ina yaji?"

"Wane yaji? Wa ke zuba wa tsohuwar giya yaji? Kamar kakata take, kana ɗaga mata murya sai ta yi shiru. Mako uku ina gwaji, tattabarun mijina sun kusa ƙarewa, ba ya ma yi mini magana."

"Ranar Litinin kin daɗe a ƙasa?"

"Da wannan gwiwar? Sauka da hawa ma sai da na yi addu'a. Kuma in sata zan yi, ai man goge-gogenta zan sata, ba giya ba."

Clem ya tauna nama, ya kurɓi giyar. Ya yamutsa fuska. Baurinta ya kama harshe ya murɗe, ɗanɗanon tattabarar ya ɓace kamar ba a ci komai ba.

"Ta kashe miki girki. Noel, kawo naka."

Kafaɗar rago ce, ta dahu a wuta kaɗan-kaɗan har tana zamewa daga ƙashi, babu tafarnuwa, babu barkono.

"Kai ne bara ka roƙi Merle ta bar maka kwalbar nan."

"Na roƙa," in ji Noel. "Da tsintsiya ta raka ni har mota. Tambaye ta."

"Ranar Alhamis kai kaɗai ne a ƙasa."

"Ni da guduma. Tana tsaye a kaina tana koya mini yadda ake buga ƙusa."

Merle ta gyaɗa kai. Clem ya ci ragon, ya kurɓa. Ragon ya ɗan yi kokawa, sannan shi ma ya sha ƙasa.

"Nama mai kyau, aboki. Asara."

"Ai ba ma ni na zaɓe shi ba," in ji Noel. "Malam ne ya ce in ajiye masa tun Litinin. Ranar Laraba ya dawo ya ce ya fasa, naman kumatun saniya yake so da ƙashin ɓargo. Na ce to, kafaɗa ta zama tawa."

Clem ya ajiye cokali mai yatsu. Bai dubi kowa ba.

"Malam, buɗe tukunyarka."

Lyall ya ɗaga murfi. Ƙamshi ya cika ɗaki har baranda. Kumatun saniya ne cikin baƙin romo mai kauri, ga masoro an farfasa shi manya-manya, ga tafarnuwa, ga ɓargo yana yawo a sama. Tun Alhamis yake kan wuta.

Clem ya kai loma. Ya bi ta da giyar. Sai ya rufe ido, ya bugi tebur da tafin hannu.

"Kai, jama'a. Ku ci. Kowa ya ci, ya kurɓa."

Suka ci. Abin mamaki, giyar da ta yi ta cizon mutane ɗazu ta kwanta lamo. Maiƙon ya kwashe baurin, giyar ta wanke maiƙon, masoro ya taso da wani ɗanɗano na baƙaƙen 'ya'yan itace da ba wanda ya ji shi a baya. Noel ya miƙa faranti a ƙara masa. Gwenda ma, da ba ta yabon girkin kowa, ta ce, "To fa."

"Na gode," in ji Lyall, yana murmushi duk da halin da ake ciki.

"Ka cancanta," in ji Clem. "Shekara talatin ina cin abinci a teburin nan ban taɓa jin girki ya dace da giya haka ba. Saura tambaya ɗaya, Malam. Wace giya ka dafa wa wannan?"

Murmushin ya tsaya.

"Giyar Ern mana. Kamar kowa."

"Giyar Ern, da wannan masoron? Loma ɗaya zai binne ta. Shekara huɗu da suka wuce Gwenda ta sa barkono kaɗan a agwagwa, giyar ma shekararta goma sha biyu kacal, ka tsayar da ita a nan kana mata karatu kamar 'yar aji biyu."

"Rabin awa cur," in ji Gwenda. "Har da zane a jikin takardar goge baki."

"Mutum yana iya canja ra'ayi," in ji Lyall.

"Yana iyawa. Amma ji yadda naka ya canja. Litinin kana neman kafaɗar rago, naman da ya dace da tsohuwa. Talata ka sauka da buhun dankali. Laraba ka koma wajen Noel neman naman da ya dace da yarinyar giya mai ƙarfi. Su biyun nan sun dafa wa abin da aka rubuta a jikin kwalba. Kai kaɗai ka dafa wa abin da ke ciki, don kai kaɗai ka san abin da ke ciki." Clem ya jingina da kujera, ya ɗora sandarsa a gwiwa. "Ka lissafa daidai. Clem yana asibiti, idon Merle ya yi rauni, sauran sun kai shekara ashirin ba su ɗanɗana giyar Ern ba, da ido za su sha. Da ka dafa ragonka salam, ka faɗi tare da su, da har yanzu ina nan ina lalube tsakanin mutum uku. Amma shekara shida a jere kana cin cokalin nan. Ka iya ɗaukar kwalbar mamaci, ba ka iya kawo abincin da ka san bai dace ba. Ni ban yi makaranta ba, Malam, amma wannan na karanta shi."

Lyall ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa da gefen riga.

"Rabin inabin daga gonar babana aka yanko shi," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ni da Ern muka matse shi, mu biyu. Da aka gama ya sa harafin sunansa shi kaɗai. Gonar babana ma ta ƙone ranar gobarar, ba wanda ke tunawa. Na ga za a raba ta a kofuna ana hirar kuɗin taki. So nake in zauna da ita ni kaɗai."

"Ka buɗe?" in ji Merle.

"A'a. Tana ɗakin ƙasana, a tsaye tun Talata, inda ya fi sanyi."

Noel ya zaro makullin mota. "Mu je in ɗauko."

"Kada ka taɓa ta," in ji Clem. "Kwana biyar guggubinta yana kwanciya, ka jijjiga ta a wannan akwalar motar taka? Mu za mu je wajenta. Kowa ya ɗauki tukunyarsa."

Haka aka yi. Mota biyu, tattabaru a cinyar Gwenda, kafaɗar rago naɗe cikin tawul, Clem a gaba yana buga sanda yana cewa a taka mai. Tukunyar kumatun saniya aka bar ta a gidan Merle.

A kicin ɗin Lyall aka kunna kyandir. Da aka fito da kwalbar, ga layin guggubi nan daga gindi har wuya. Matoshin ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi, hannun Clem kuma yana rawa tun bayan asibiti, abin da bai taɓa yarda ya faɗa ba. Ya miƙa wa Lyall abin buɗewa.

"Kai za ka cire. In ya farfashe, a kanka."

Minti biyar Lyall yana ja, gumi a goshinsa. Matoshin ya fito ɗungurungum. Ya tsiyaye giyar cikin butar gilashi a kan hasken kyandir, ja kamar bulo, ya tsaya daidai inda guggubi ya fara tahowa. Clem ya kai hanci. Busasshen ganye, tsohuwar fata, da wani zaƙi can nesa.

"Tana da rai," ya ce. "Amma ba za ta wuce rabin awa ba. Gwenda, tattabarunki."

Merle ce ta zuba da hannunta. Kofi ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta ɗan tsaya, sannan ta jawo na biyar ta cika shi daidai da sauran, ta tura gaban Lyall.

"Na san da inabin babanka a ciki. Ern ya faɗa mini, ya fi sau goma. Da ka buɗe baki ka tambaya, da kofi biyu zan ba ka."

Lyall ya kai hannu, ya kasa ɗauka.

"Sha, kafin ta mutu," in ji Merle. "Baɗi kuma kada ka wahalar da kanka da girki. Ba za a ajiye maka kujera ba."

A tsaye ya sha, a cikin kicin ɗinsa, su huɗun suna zaune.