Mulmulau da Laimar Birnin Zango

Sandan ƙarfen yana juyawa a bakin injin fira, mai fere ƙarfe, Mulmulau kuma yana bi ta gefensa a hankali, yana zana rabin da'ira. Siraran zaren ƙarfe suna zuba ƙasa kamar taliya. Injiniya Ladidi ta riƙe mariƙin da hannu biyu, ko ƙiftawa ba ta yi.

Ita ta ƙera Mulmulau da kanta, daga tsohon faifan birki da ƙafar wani mutum-mutumin shara da ya lalace. Faranti ne mai juyawa a kan ƙusa guda, da haƙorin yanka a samansa. Idan ƙusar ta zauna daidai ƙarƙashin tsakiyar sandan, duk inda haƙorin ya zagaya nisansa da tsakiya ɗaya ne, dole abin da zai fito ya zama ƙwallo.

Birnin Zango na rayuwa ne a ƙarƙashin Laima, wani makeken rufi da ke bin rana yana tare zafinta, domin a wannan zamani tsakar rana tana iya kashe mutum. Laimar tana juyawa a kan ƙwallayen ƙarfe masu girman kan jariri. Da suka cinye, ta tsaya cak, kamfanin da ke yin su kuwa ya daɗe da rufewa. Unguwannin yamma suka koma tanda, aka kwashe tsofaffi zuwa ramukan jirgin ƙasa, har da mahaifiyar Ladidi.

Yayanta Jatau, wanda ke kula da injinan Laimar, ya shigo jiƙe da gumi.

"Ladidi, wannan ma irin na jiya ne? Wancan ai ƙwai kika yi mana."

"Ƙusar ce ta goce, Yaya. Na gyara. Miƙo ma'auni."

Ta yanke ƙwallon, ta goge shi. Hasken ma'aunin ya zagaye shi, ya koma kore. Jatau ya ɗora shi a kan tebur ya hura masa iska, ƙwallon ya gangara shiru har ƙarshe.

"Allahu Akbar! Ƙanwata, kin gama da su!"

Ba ta ɓoye fasahar ba. Ta aika zanen ga duk mai injin fira a birnin, kowane gareji ya ƙera nasa Mulmulau. Ranar da aka zuba sababbin ƙwallayen, Laimar ta yi wata doguwar ƙara, sannan ta motsa. Inuwa ta sauko kan yamma kamar ruwan sanyi. Mata suka rangaɗa guɗa daga saman benaye, Ladidi ta fito da mahaifiyarta daga rami, tana dariya tana share hawaye.

Da aka ga sababbin ƙwallayen sun fi tsofaffin ƙarfi, majalisar birni ta ninka faɗin Laimar, aka sa mata sunan Ladidi.

Bayan damina wani dattijo daga ƙauyen gefen birni ya zo garejinta. Ya gaishe ta, ya ajiye zangarniyar gero a kan injin. Fara ce fat, babu ƙwaya ko ɗaya.

"'Yata, an ce ke kika kawo wa birni inuwa. Allah ya yi albarka. To ta kai har gonakinmu. Ko akwai injin da zai dawo mana da rana?"

Ladidi ta ɗauki zangarniyar, ta juya ta a hannu. Ba ta da nauyi ko kaɗan.