Gawar da Ta Juya Alƙibla

Da hantsi rahoto ya iso ofishin 'yan sanda na tsibirin Lamu: an tsinci gawa a farin jirgin nan mai tafiya da iska, wanda ya jefa anka gaban tsohuwar ganuwa jiya.

Mamacin Famau ne, ɗan tsibirin, shekara talatin rabonsa da gida. Matarsa Karin, Baturiya, ta ce a otal ta kwana, da safe ta same shi haka.

Insfekta Lali ya durƙusa. Akwai rauni a ƙeya. An kwantar da shi kan ɓarin dama, an rufe idanunsa, an ɗaure haɓarsa da ƙyalle.

Kofur ɗinsa, da bakinsa ba ya shiru, ya ce matar ce ta kashe shi. Wai wane Musulmi zai sa mamaci ya ba alƙibla baya?

Lali ya ce a jira likita. Bayan azahar ruwa ya fara cikowa, jirgin ya soma juyawa a kan igiyarsa. Sannu a hankali fuskar Famau ta bar kudu, ta zo ta tsaya daidai alƙibla, wadda a Lamu take arewa. Ashe haka jirgin yake tsaye da dare, lokacin da aka kwantar da shi. Kofur ya haɗiye sauran maganarsa. Lali kansa tsoro ya kama shi.

Ya sake duba ƙullin haɓar. Ya san shi. Haka aka ɗaure wa nasa mahaifin bara.

Ya tarar da dattijo Mzee Shee, mai wankan gawa, yayan Famau, zaune tsakar gidansu kusa da kabarin uwarsu. Tsohon ya rantse bai taka jirgin ba.

"Baba, wa kuma ke wannan ƙullin a Lamu?"

Tsohon ya dubi kabarin.

"Gidan nan Famau ya zo sayarwa, ɗana. Ga masu otal. Wurin wanka za su haƙa a nan." Ya dafa kabarin. "Ture shi kawai na yi. Sai na kasa barinsa yashe kamar kifi."

Ba gardama ya miƙa hannu aka sa ankwa. Suna cikin lungu tsohon ya tsaya.

"Ka bari in yi masa wanka tukuna. Ni na yi masa na farko, ranar da aka haife shi."

Lali ya kau da kai.

"Doka ba ta yarda ba, Baba. Mu tafi."