Ɗan Tunkiya Mai Riga

Ranar da aka sace ɗan tunkiyar Goggo, ranar ce Sufeto ya sake taka garken tumaki tun bayan rasuwar matarsa.

Goggo ta shigo caji ofis hannuwanta duk dusa. Ta ce farar tunkiyarta ta haifi uku shekaranjiya, yau da safe saura biyu. Kofur ya fara dariya, Sufeto ya dube shi, dariyar ta koma tari.

Garken a bayan gida yake, yana warin harawa da sabuwar haihuwa. Uwar na zagaye turke tana kira. Dogo, ƙanin mijin Goggo, wanda shinge ɗaya ya raba gidajensu, ya leƙo ya rantse cewa kare ne, da idonsa ya gan shi.

Sufeto ya duba ƙasa, babu jini. Ya duba ƙyaure.

"Goggo, haka kika tarar da igiyar nan?"

"A ɗaure tam, ɗana."

"To, karen nan ya samu tarbiyya. Ya fita, ya ɗaure ƙofa."

Dogo ya ce shi tumakinsa duk sun haihu lafiya, me zai yi da na wani? Amma ƙudaje ba su san da maganar ba. Sufeto ya bi su har jujin Dogo, ya tarar da gawar ɗan tunkiya, an feɗe ta tas.

A garken Dogo wata baƙar tunkiya na shayar da baƙin ɗa. Sufeto ya tsuguna, ya shafa bayansa, ya ɗaga gefen fatar. Fari ne sol a ƙasa.

Kofur ya buɗe baki. Sufeto ya gaya masa tunkiya da hanci take gane ɗanta. In nata ya mutu, sai a sa wa wani fatarsa kamar riga, ta shinshina ta karɓe shi.

Aka cire rigar. Ɗan ya yi kuka sau ɗaya, farar ta amsa daga bayan shinge.

Dogo ya zauna a kan kwatarniyar ruwa. Ya ce ɗan baƙar a mace ya zo, hantsarta ta kumbura, ta ƙi ci, ya ji tsoron kada ita ma ta bi shi.

"Kai dai sakarai ne tun kana rarrafe," in ji Goggo. "Farar nan nono biyu gare ta, 'ya'ya uku. Da ka roƙa, da ni zan kai maka shi."

Ta sa aka mayar da rigar, aka mayar da ɗan gun baƙar, aro. Dogo kuwa Kofur ya tasa shi gaba, don rahoto ba ya shafuwa da kunya.

Goggo ta tambayi Sufeto inda ɗan boko ya koyi wannan. Ya ce a littafi.

Ƙarya ce. Matarsa ce ke yi a tsakar gida, shi kuma yana bayan jarida yana mitar wari. Har ta rasu bai gaya mata ba cewa jaridar ba karanta ta yake yi ba, ita yake kallo.