Ƙarfen Da Ya Tsage A Sanyi

Ƙas!

Guntun ƙarfen ya rabe biyu kamar tangaran a gaban Ylva, mai gwajin ingancin ƙarfe.

Sau uku ke nan tana sanyaya shi tana gwadawa, sau uku yana tsagewa. Da wannan ƙarfen za a ƙera jirgin yaƙi mai nutso a garin Karlskrona, jirgin da saurayinta Sixten, sojan ruwa, zai yi aiki a cikinsa. Wanda ya narka ƙarfen kuwa mahaifinta ne, Rune, wanda ya shekara arba'in a bakin wuta ba a taɓa mayar masa da kaya ba.

Malte, abokin aikinta da ya daɗe yana mata shisshigi, ya raɗa mata, "A sauya guntun kawai mana, wa zai sani? Sojan naki ai ya iya iyo..."

Ko kallo bai ishe ta ba.

Ta tarar da Rune yana shan kofi da burodin kirfa. Ta ajiye gutsattsarin a gabansa.

"Baba... ba zan sa hannu ba."

"Saboda ɗan iskan sojan nan za ki zubar min da mutunci?"

"Baba, don Allah..."

"Kawo takardar in sa da kaina! In nutsa da su!"

Al'adar wurin ke nan: duk wanda ya sa hannu a kan ƙarfe, da shi ake nutson farko.

Kuka ya ƙwace mata.

"Shi ke nan in rasa ku duka biyun rana ɗaya? Tsoro nake ji, Baba. Wallahi tsoro nake ji!"

Tsohon ya daɗe yana shafa bakin tsagar da ɗan yatsa. Mai taurin kai ne, amma ƙarfe bai taɓa yi masa ƙarya ba. Da kansa ya ɗauki jan alli ya soke kayan.

Ya sake narka wani. Wannan karon ƙarfen ya lanƙwashe bai tsage ba, Ylva ta sa hannu.

Ranar nutson farko Rune ya ce ƙafarta ƙafarsa.

Jirgin ya yi ƙasa, ya ƙara ƙasa. Bangon ya fara nishi, wani irin gurnani mai tsinka hanji. Ylva ta runtse ido, gumi ya jiƙe ta sharkaf.

"Ina nan, abar ƙaunata," in ji Sixten a hankali.

Rune ya manna tafinsa a bango, yana saurare.

Sai gurnanin ya lafa.

Ya kamo hannun 'yarsa mai sanyi ƙalau, ya damƙa a na Sixten.

"Ƙarfena ya riƙe," ya ce, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Saura kai, yaro."