Taka, Riƙe, Saki

Lalle muka ɗauko daga Tazarin, buhu goma sha huɗu, ni da matata Tuda, a tsohuwar a-kori-kurata. Tun daga gari kuloci yake min laushi a ƙafa, shi ya sa na tsaya shagon Si Mbarek, mai sayar da kayan mota. Tsohon ya miƙo min jan man sitiyari, wai duk ɗaya ne.

Na ce, "Kawu Mbarek, wannan ai kumbura min robobi zai yi. Ba ni man birki, shi kuloci ke sha, wanda ba a fasa ba."

Ya ɗauko yana gunaguni. "To, shugaban makanikai. Ga tiyo da kwalba. In za ka fitar da iska ka tare tsohon man, kada ka zubar a ƙasa."

Ban karɓa ba. Shekara ashirin ina bin hanyar nan, kuma taurin kaina ko mahaifiyata ta haƙura da shi.

Rana tana gab da faɗuwa muka gangara wani busasshen rafi da hanya ke ratsawa. A tsakiyarsa na taka kuloci, ya tafi ƙasa ya zauna. Giya ta ƙi shiga. Can saman duwatsun Sagro hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ana ta walƙiya. Duk ɗan yankinmu ya san ma'anar wannan. Ruwa zai sauka a can, cikin rabin awa ya biyo rafin nan ya kwashe abin da ya tarar.

Na gano inda man kulocin yake yoyo na ɗaure, na cika mai. Saura fitar da iska, aikin da mutum ɗaya ba ya yi. Sai wani ya zauna yana takawa, wani yana ƙarƙashi yana kwance noti.

"Uwargida Tuda, yau ke ce direba. In na ce taka, ki taka sau uku. In na ce riƙe, ki danne. Kada ki ɗaga sai na ce saki."

"Da ka saurari tsohon nan da mun yi a ƙofar shagonsa, muna shan shayi."

"Taka dai, 'yar mutane."

Na shige ƙarƙashin mota da sipana. Yashi yana da ɗumi har yanzu. Na ji ƙarfen yana kuka a samana, ƙii, ƙii, ƙii. Na ce riƙe, na kwance noti. Tsohon mai ya feso, baƙi, da kumfa, ya sauka a yashi.

Daidai lokacin aka kira magariba a wani ƙauye mai nisa. Sai a nan na tuna ko bisimilla ban yi ba. Ni da ko ruwan zafi ba na bari a zubar a tsakar gida a irin wannan lokaci, ga ni na watsa abin da ke cinye fenti a jikin ƙarfe.

Daga wurin da man ya jiƙa na ji wani ɗan sauti, kamar jariri ya ja numfashi zai yi kuka. Bai yi ba.

Na ce wa kaina iska ce a bututu. Na ɗaure noti.

"Saki. Taka."

Ƙii. Ƙii. Ƙii.

Wannan karon motar har girgiza ta yi. Tuda ba ta da irin wannan ƙarfin. Kuma ta daina mita, abin da ban taɓa gani ba tun aurenmu.

"Riƙe."

Na kwance. Mai ya fito tas, babu kumfa ko ɗaya. Na ɗaure noti. Warin man ya cika min hanci, a bayansa akwai wani, kamar na gashin da ya ƙone.

"Lahsan."

Da raɗa ta kira sunana.

Na fito da rarrafe. Tana zaune ƙiƙam, hannu biyu a sitiyari, hawaye yana bin kumatunta. Ba ta kalle ni ba.

"Ba ni nake takawa ba," in ji ta. "An riƙe min ƙafa."

Na leƙa. Duhu ne a ƙasan sitiyari, amma na ga hannun. Ɗan ƙarami, jiƙe da mai, fatarsa ta saɓule. Ya zagaye idon sawunta na hagu ya danne.

Na fara Ayatul Kursiyyu, harshena ya sarƙe. Na ja ƙafarta, ta yi ƙara. Ko motsi.

Daga saman rafi na jiyo gurnani. Duwatsu suna gwaruwa. Iska mai sanyi ta taho da ƙamshin laka.

"Ka gudu," in ji Tuda. "Ka tafi wurin yara."

Tsoro irin na ranar ban taɓa ji ba. Ban san abin da zan ce ba, sai bakina ya faɗi abin da ya saba.

"Saki."

Yatsun suka buɗe, ɗaya bayan ɗaya.

Na ture ta gefe, na tayar da mota. Giya ta shiga sumul. Muna hawa gaɓa ruwan ya wuce ta bayanmu, ja, ɗauke da kututturen dabino.

Washegari da magariba, Tuda tana kwaɓa fulawa, ƙafarta ta hagu ta buga ƙasa sau uku ta danne. Ba ta ɗagu ba sai da na ce saki. Haka jibi, haka har yau, shekara shida ke nan. An yi karatu, an yi yanka, mun je wurin malamai har Tamgurut. Yayanta ya gwada faɗin kalmar, babban ɗanmu ya gwada, ni ma na gwada ta waya. Sai muryata, kuma sai ina tsaye a wurin. Ranar da na makara a kasuwar Alnif, na tarar ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har gwiwa, ita kuwa ta ciji mayafinta don kada yara su ji.

Na sayar da motar, na kama faci a bakin gida. La'asar sakaliya nake rufewa.

Na girmi Tuda da shekara goma sha ɗaya. Kwanan nan kuma likita ya ce zuciyata ba ta yi masa daɗi ba. Ban gaya mata ba tukuna.