Ƙafar Baban Hauwa

"Ba a yanka min ɗa!" Inna Kulu ta buga sandarta a ƙasa. "Ubanai da ƙahwatai ya shiga ɗakin tiyata, a makara anka hiddo shi!"

Na gyara goyon Hauwa'u, na dubi mijina Siddiƙu. Ciwon suga ya toshe masa jijiyar jini ta ƙafar hagu, babban yatsan har ya fara baƙi.

Jiya a Sakkwato likita ya ba mu zaɓi biyu. Ko a zura siririyar waya ta matsematsi a buɗe jijiyar, kwana biyu a sallame shi. Ko a tsaga ƙafar a ɗauko wata jijiya a yi wa jinin sabuwar hanya, jinya ta makonni. Ya ce toshewar tasa doguwa ce, in an buɗe tana iya komawa, lokacin kuma wataƙila sai yankewa.

"Ta waya nika so, Uwaliya," in ji Siddiƙu. "Dashen albasa saura kwana goma. An sako ruwan madatsar Goronyo, in kwanta jinya?"

"Baban Hauwa... bara sau nawa ka yashe hanyar ruwan lambunka?"

"Mi ya kawo wanga zance?"

"Sau nawa?"

"Uku."

"Tana cikewa da laka, har ka haƙura ka haƙa sabuwa. Lambu ka yi ma haka, ƙahwarka ce ba ta kai ba?"

Ya sunkuyar da kai. Na durƙusa gaban Inna, hawaye suna zuba.

"Inna, ni ma tsoro nika ji, wallahi! Amma kullum sai na duba yatsan nan in na wanke mishi. Baƙin hawa shikai."

Ta daɗe tana kallon ƙafar. Sannan ta miƙa hannu ta taɓa, ta ji sanyinta.

"Albasar fa?" ta ce a hankali.

"Yaya Mainasara na zuwa daga Wurno ya dasa," na ce.

"Wanga mai karkataccen dashe?" Siddiƙu ya yi dariya, idonsa jajir.

Ranar aikin tsaga ƙafar Inna ce ta riƙe hannuna, carbinta a ɗayan. Da aka fito da shi, ni na fara taɓa tafin ƙafar.

"Inna... da ɗumi!"

Ranar cirar albasa shi ya ɗauki Hauwa'u a kafaɗa, yana ɗingishi a kan kunya.

"Uwaliyata, dubi layin yayanki, awa tahiyar maciji!"

"Kai dai taka a hankali, masoyina," na ce. "Ƙahwar ga tawa ce."